Don me muke yanke wa UPS harshe?

Maƙalar wannan mako a kan ƙara take, irin ƙarar da na'urori ke yi mana mu kuma muna toshe kunne. Masu jiran sharhin littafi su yi mana haƙuri, wannan ma maganar rubutu da karatu ce, za su gani in sun bi mu a hankali.

Duk wanda ya bi titin Ali Akilu ta wajen Unguwar Kanawa, daga gaban tsohuwar NDA har ya doshi Kawo, ya kuma leƙa cikin layuka, zai ga yadda masu cin abinci da na'ura suka yawaita. Ga masu POS a ƙarƙashin lema, ga masu cajin waya, ga shagunan kafe inda ake cike fom ɗin NDA da na aikin ɗan sanda, a duba sakamakon WAEC da NECO, a buga wa ɗalibai furojet. A kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare akwai ƙara iri biyu da ake ji kullum. Ɗaya ana rawar jiki a kanta, ɗaya kuma tsaki ake mata.

Ta farkon ita ce ƙarar alat. Waya na yin motsi mai shayi zai ajiye buta ya duba. Ba wanda ya taɓa shirya wa mutanenmu bita a kan karanta alat, amma dattijon da bai taɓa zama a ajin boko ba ya san inda zai kai idonsa: nawa ne, shiga suka yi ko fita, daga wa, da ƙarfe nawa, nawa ya rage. A farkon 2023, lokacin da aka canza fasalin naira takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, har mai kayan miya sai da ta zama gwanar alat. Da 'yan damfara suka ɓullo da alat na bogi ba mu daina dubawa ba, wayo muka ƙara, muka koma duba abin da ke cikin asusu kafin mu miƙa kaya. Saboda haka duk wanda ya ce mu mutane ne marasa kula da saƙon na'ura bai yi mana adalci ba.

Ta biyun ita ce kukan UPS, wato ɗan akwatin nan mai batir da ke riƙe kwamfuta na 'yan mintuna idan an ɗauke wuta. Shi kam ba shi da masoyi. Kwana biyu da sayensa za ka ji maigida na cewa, "Injiniya, don Allah rufe wa abin nan baki." Injiniya kuwa ba ya musu. Ya kwance murfi, ya nemo 'yar ƙararrawar da ke manne a ciki, ya tsinke mata ƙafa ko ya ɗiga mata gam. Shago ya yi tsit, kowa ya ji daɗi.

Abin da ba a cika faɗa wa maigida ba shi ne kukan nan ba iri ɗaya ba ne. Mu ɗauki ƙananan UPS na kamfanin APC, mai ƙera kayan wuta muke nufi ba jam'iyya ba. In ya yi ƙara huɗu duk bayan daƙiƙa 30, cewa yake an ɗauke wuta, na koma kan batir. In ya shiga yi babu ƙaƙƙautawa, batirin ya kusa ƙarewa, saura kamar minti biyu, a adana aiki a kashe kwamfuta. In ya ja ƙara ɗaya doguwa ba yankewa, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, galibi wani ne ya jona firinta ko na'urar hotokofi. In kuma ya riƙa 'yar tsuwa ta minti ɗaya duk bayan awa biyar, batirin ne ya tsufa yana neman canji. Magana huɗu ke nan daga baki ɗaya. Ta farkon kaɗai ce ke hana mu sakat, amma da muka tsinke wayar sai muka rasa duka huɗun.

Ba mu ɗora wa maigida laifin gaba ɗaya ba. Wanda ya ƙera UPS ya ƙera shi ne da tunanin ƙasar da ɗauke wuta labari ne, inda ake shekara ba a ga ƙyaftawarta ba. A can in wuta ta tafi dole a yi shela. A nan kuwa fanka ta riga ta tsaya, ƙwai ya mutu, maƙwabci ya fara jan igiyar janareta, me UPS zai faɗa mana da ba mu sani ba? A watan Oktoban 2024, bayan an lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Mando, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, jihohin Arewa da dama sun haura mako guda cikin duhu. A wurin da duhu ne al'ada, dawowar wuta ce labari, shi ya sa yara ke ihu a layi in an kawo ta. Na'urar da za ta riƙa yi maka kururuwa kan abin da ka riga ka sani, safe da rana da dare, koya maka take yi ka raina muryarta. Ranar da za ta faɗi abin da ba ka sani ba, ta tarar kunnenka ya riga ya toshe.

Hausawa na cewa kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Haka ne, sai dai ita kurciya haka aka halicce ta, ba ta da wani yaren. Na'ura kuwa ɗan Adam ne ya ƙera ta, shi ya tsara mata abin da za ta faɗa da lokacin faɗarsa da wanda za ta faɗa wa. Ra'ayinmu a wannan mako shi ne, gargaɗin da bai nuna girman matsala ba, bai faɗi abin yi ba, bai kuma isa kunnen mai ikon yin wani abu ba, surutu ne kawai. Amma maganin surutun shi ne a gyara wa na'urar magana, ba a yanke mata harshe ba.

Masana harkar sun daɗe da zama a kan wannan. Tun a 1992 aka fitar da ƙa'ida mai lamba X.733 a ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, wadda ta rarrabe gargaɗin na'ura hawa-hawa: mai tsanani, babba, ƙarami, jan hankali, wanda ba a tantance girmansa ba, da kuma sanarwar cewa matsalar ta wuce. Daga baya ƙungiyar DMTF, wadda manyan kamfanonin kwamfuta ke ciki, ta tsara wani abu mai kama da fom da ake so kowane gargaɗi ya cike kafin ya fito. Wace na'ura ce, wane ɓangare nata ne, yaushe abin ya faru, yaya girmansa, me ake zaton ya jawo shi, ƙaruwa yake ko raguwa, sannan me ake ba da shawarar a yi. In muka duba da kyau, kusan tambayoyin da alat ɗin banki ke amsawa ne, shi ya sa ba ma wasa da shi.

Kowane magidanci ya san bambancin ɗan aike da ɗan aike. Akwai yaron da zai shigo a guje yana "Baba! Baba! Ka zo!" da murya iri ɗaya, ko akuya ce ta shiga kicin ko gobara ce ta kama ɗakin baya. Akwai kuma wanda zai ce, "Baba, wayar mita na hayaƙi, ɗazu kaɗan ne yanzu ya ƙaru, in kashe daga babban makunni?" Na biyun ya cike fom ɗin DMTF kaf bai taɓa jin sunanta ba.

Cikin waɗannan tambayoyi akwai wadda muke ganin ta fi sauran amfani a garinmu, ita ce ta ƙaruwa ko raguwa. Na'ura ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba, ciwo take yi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga cikin kwamfuta ta toshe hanyar iska, sannan zafin Maris da Afrilu ya zo ya same ta a toshe. Kwamfutar da ta saba aiki da ɗan zafinta tun ranar da aka saye ta ba abin tayar da hankali ba ce. Wadda zafinta ke hawa mako bayan mako ita ce abin dubawa, ko da bai kai iyakar da za ta fara kuka ba. Haka batir. Irin batirin dalma da ke cikin UPS da yawancin inbata an auna ƙarkonsa ne a kan zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka na raba rayuwarsa biyu. To ina shagon kwano a Unguwar Kanawa da ke zama a digiri 25 cikin Afrilu? Batirin da kwali ya ce zai yi shekara uku zuwa biyar, a wurinmu da wuya ya cika wannan alƙawari. Mai shagon da ke lura cewa bara UPS na riƙe masa kwamfuta har ya tayar da janareta a tsanake, bana kuwa sai da gudu, ya riga ya karɓi gargaɗi tun kafin ƙararrawa ta buɗe baki.

Kada mu ɗauka matsalar ta ƙananan shaguna ce. Ranar 28 ga Maris 1979, da asuba, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania a Amurka, wani bawul ya maƙale a buɗe ruwan sanyaya injin yana zurarewa. Cikin 'yan mintunan farko ƙararrawa fiye da 100 suka tashi a ɗakin kula, babu wata hanya ta ware muhimmai daga marasa muhimmanci. Abin da ya fi muni, fitilar da ma'aikata suka dogara da ita ta nuna musu kamar bawul ɗin ya rufe, alhali abin da take nunawa shi ne an aika masa umarnin ya rufe, ba wai ya bi umarnin ba. Sai da aka haura awa biyu kafin a gano a toshe hanyar. A matatar mai ta Texaco da ke Milford Haven a Birtaniya, ranar 24 ga Yuli 1994, ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275 cikin minti 11 na ƙarshe kafin wurin ya fashe, mutum 26 suka jikkata. Binciken da aka yi ya nuna mafi yawan ƙararrawar wurin an yi musu lakabin "mai muhimmanci". In kowa a gari sarki ne, wa za a faɗi a gaisar?

Wannan ɓangaren yawan surutu ke nan. Ɗaya ɓangaren, wanda muke jefa kanmu ciki da hannunmu in mun tsinke waya, shi ne shiru.

Ranar 14 ga Agusta 2003, jim kaɗan bayan ƙarfe biyu na rana, manhajar da ke tayar da ƙararrawa a ɗakin kula na kamfanin wuta na FirstEnergy a jihar Ohio ta daskare. Ba ta yi kukan cewa ta daskare ba, shiru kawai ta yi. Ma'aikata na zaune suna kallon allunansu, suna ɗaukar shirun a matsayin lafiya, alhali a waje manyan wayoyin wuta na ɗaukar zafi suna lanƙwasowa suna taɓa bishiyoyi suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Sun haura awa guda ba su san kunnensu ya mutu ba. Bayan ƙarfe huɗu kaɗan wuta ta ɗauke wa mutane kimanin miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontario na Kanada. A cikin labarin akwai wani ɗan guntu da ya kamata mu riƙe: ma'aikatan sashen kwamfuta na kamfanin sun sami saƙo cewa babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajar ta faɗi, suka tayar da ita, amma labarin bai isa ga mutanen ɗakin kula ba. Gargaɗin ya fito, ya je wurin waɗanda ke gyaran kwamfuta, bai je wurin waɗanda ke riƙe da wutar ba.

A nan gida ma mun ga irin wannan shiru. Ranar 14 ga Mayu 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye ya amsa cewa an sami kuskure a jarrabawar ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Dalilin da ya bayar shi ne an yi wa manhajar jarrabawar gyara, amma gyaran bai hau kan wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke raba tambayoyi ba. Ɗalibai suka zauna suka rubuta, aka tattara, aka fitar da sakamako. Ƙararrawar da ta tona matsalar ita ce koken iyaye da ɗalibai da malamansu. Ya kyautu a yaba wa mutumin da ya fito ya amsa, hakan ba kasafai muke gani ba. Amma tambayar da ta dace a yi wa duk mai kula da manyan kwamfutoci ita ce, in ɗaya ta bambanta da 'yan uwanta, wa zai fara sani, na'urarka ko jama'ar gari?

Mu dawo layinmu. Yawancin laftof ɗin da muke amfani da su na hannu ne, sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su iso Kaduna, kuma da yawansu suna zuwa da gaisuwar safe. Masu HP sun san lambobin. Ana kunnawa, kafin Windows ta buɗe, sai baƙin allo ya fito da rubutu da lamba a ƙasa. 601 na nufin batir ya raunana. 90B na nufin fankar ciki ba ta juyawa yadda ya kamata. 301 kuwa na nufin faifan ajiya, inda duk aikinka yake, ya duba kansa ya ga alamar mutuwa. Dukkansu fuska ɗaya gare su, dukkansu kuma da Enter ake wuce su. Mai sayarwa zai ce maka, "Ba komai, danna Enter kawai." Game da 601 yana da 'yar gaskiya, in dai kana kusa da soket za ka lallaɓa. Sai dai yatsan da ya saba danna Enter a kan 601 kowace safiya, ranar da 301 ta fito ba zai tsaya ya karanta ba.

Kuma 301 ba abin wasa ba ce. A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da nazarin da suka yi a kan fayafayan ajiya fiye da 100,000 da ke cikin kwamfutocinsu. Sun gano faifan da ya nuna alamar kuskure ta farko a farfajiyarsa ya ninka lafiyayye sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Sun kuma gano kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba ko ɗaya. Abu biyu ke nan a haɗe: in ya yi magana ka yarda da shi ka kwashe kayanka ranar, in bai yi ba kada ka ɗauka lafiya ce. A shagon kafe abin da ke cikin faifan ba na mai shago ba ne kaɗai. Akwai babi huɗu na furojet ɗin wata ɗaliba da ta biya kuɗin bugu ta tafi da niyyar dawowa ranar Litinin, akwai hotunan fasfo da takardun shaidar mutanen unguwa, mu marubuta kuma akwai rubutun littattafanmu da muka kai a buga mana.

Haka labarin kyamarar tsaro yake. Akwatin da ke naɗar hotunan yana kuka in faifansa ya lalace ko ya daina ɗauka. Kukan na damun mutane, sai mai haɗawa ya shiga saiti ya kashe shi. Allon bango na ci gaba da nuna ƙofar shago tar, kowa na ganin kansa yana wucewa, hankali kwance. Sai ranar da aka fasa shago aka zo neman hoton daren jiya, a tarar rabon akwatin da naɗar wani abu tun kafin azumi.

Yanzu mu zo kan abin da muke ganin shi ne cibiyar matsalar a wurinmu, wanda ko fom ɗin masana bai warware shi ba, wato wa ke karɓar saƙon. A yawancin shagunanmu wanda ke zaune gaban kwamfuta daban, mai kuɗin daban. Yaron shago shi ke ganin 301, shi ke jin tsuwar batir, shi ya san fanka ta fara gurnani. Amma ba shi da ikon fitar da ko sisi daga aljihun tebur. Maigida kuwa yana wurin aikinsa, ko yana Kasuwar Sheikh Gumi, sai dare ya zo karɓar lissafi. In yaron ya ce, "Yallaɓai, kwamfutar nan na nuna wani abu," amsar da ya fi samu ita ce, "Tana aiki ko ba ta yi?" Ya ce tana yi. Magana ta mutu. In ya maimaita sau uku, sai a fara zargin ya haɗa baki da mai gyara. Yaro mai wayo sai ya koyi yin shiru, ranar da abin ya mutu kuma shi za a fara tambaya me ya taɓa. To ka ga an tsinke ƙararrawa ta biyu ke nan, mai rai, ba tare da an kwance ko murfi ba.

Ku lura da yadda maigidan nan ya tsara alat ɗin POS. Kai tsaye wayarsa yake zuwa, duk inda yake, ba ya jiran yaro ya ba shi labari. Ashe ya san muhimmancin saƙo ya isa ga mai abu. Bai dai ɗauki lafiyar na'urar a matsayin kuɗi ba, alhali ranar da ta tsaya alat ɗin ma tsayawa zai yi. Inbatocin sola na zamani da yawa suna da manhajar waya da ke nuna halin batir da duk kuskuren da ya faru. Sau da yawa mai haɗawa ke buɗe ta da wayarsa ranar aiki, ya tafi da ita. Mai gidan da ya biya kuɗin bai ma san akwai ta ba. Wannan haƙƙinsa ne, ya kamata ya nema tun kafin ya cika kuɗin aiki.

In ana son ganin gargaɗin da aka yi wa tunani, a duba firjin allurar rigakafi a ƙananan asibitoci. Ana son magungunan su zauna tsakanin digiri 2 da 8. 'Yar na'urar da ake sakawa a ciki bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ɗaga tuta don kawai an buɗe ƙofa zafi ya ɗan shiga. Sai zafin ya wuce digiri 8 na tsawon awa 10 a jere. Amma in sanyi ya sauka ƙasa da sifili da rabin digiri, minti 60 kacal take jira, domin daskarewa na kashe wasu alluran, irin na ciwon hanta da na tetanus, ba tare da ido ya gani ba. Wato an auna haɗarin kowane ɓangare aka ba shi nasa wa'adi. Sannan akwai ma'aikacin da aka ɗora wa duba ta safe da yamma ya rubuta a takarda, ko ta nuna matsala ko ba ta nuna ba. Wannan rubutun na kullum shi ne maganin shirun da ya ci mutanen Ohio, domin ranar da na'urar kanta ta mutu, gurbin da ba a cike ba zai tona.

Wani zai ce ai wannan duk maganar masu hali ce, mai shagon da ke fama da kuɗin fetur ina ya ga na sabon batir. Mun ji, kuma ba ƙarya ba ne. Sai dai sanin matsala ba shi ne biyan kuɗinta ba. Wanda ya san batirinsa ya tsufa, ko bai canza ba, zai riƙa adana aiki akai-akai, zai ajiye janareta kusa. Wanda ya ga 301, ko ba shi da kuɗin sabon faifai, filas ɗin aro ya ishe shi ya tsirar da aikin mutane. Talaka ma ya fi mai kuɗi buƙatar gargaɗi da wuri, don shi ne ba zai iya sayen sabuwa gobe da safe ba. Kuma UPS da yawa suna da hanyar kashe kukan ɗauke wuta shi kaɗai, ta maɓallin gaba ko ta manhajarsu, a bar na ƙarewar batir da na nauyi suna aiki. Minti kaɗan ne aikin. Masu gyaranmu, waɗanda da yawansu abokan karatunmu ne a ajin difloma, sun san haka ko suna iya sani. Almakashi ne dai ya fi sauri, maigida kuma na tsaye a kansu.

Saura maganar da ta shafe mu marubuta. Duk waɗannan saƙonni da Turanci suke fitowa, Turancin ma na injiniyoyi. Ko wanda ya mayar da wayarsa ko Windows ɗinsa Hausa, baƙin allon farko ba ya jin Hausa. A inda aka fassara kuma, sau da yawa kalma ɗaya ake yi wa komai, "gargaɗi", kamar harshen ba shi da wata. Alhali muna da hawa-hawa tun kafin a haifi X.733. Sanarwa daban, tuni daban. Jan hankali bai kai jan kunne ba, jan kunne bai kai gargaɗi ba, kashedi ya fi su duka zafi, in kuma aka kai ga kururuwa ba a tambayar ba'asi, fitowa ake yi. Bahaushen da aka ce wa "tuni dai" ya san yana da sauran lokaci, wanda aka ce wa "kashedinka" ya san babu. Wannan aiki ne da ƙungiyoyinmu na marubuta za su iya zama da masu gyaran kwamfuta a yi shi a yini ɗaya, a fitar da takarda guda da kowane shago zai manna.

Kafin a kai ga haka, mai shago na iya rubuta tasa. Layi uku ko huɗu sun isa, a bangon da ke saman kwamfutar, daidai idon yaron. "601, tuni ne, batir ya tsufa, faɗa wa maigida da dare." "90B, jan kunne, kashe ta a kai a busa mata ƙura yau." "301, kashedi, daina aiki, kwashe komai a filas, kira maigida yanzu ko yana ina." A ƙasa a sa lambar wayar maigidan da ta mai gyara, maigidan kuma ya sa hannu, don yaron ya sami abin nunawa ranar da aka ce wa ya aike shi. A rubuta da maka mai kauri a rufe da salatif, rubutun biro ba ya wata uku a bangon da rana ke duka.